Yadda Kwamfutar Baffa Ta Bar Gidanmu

Wata ranar Asabar ce, cikin damanar 2006, aka sauke kwamfuta a ƙofar gidanmu da ke Kabo. An yi ruwa da asuba, mu kuma mun dawo daga gonar kakanmu ta hanyar Dugabau da laka har ƙwauri. Ina ɗauke da kwandon rama a ka, ƙanena Sadi yana jan akuyar da ta tsinke ta bi mu. Muka tarar da Baffa Nasiru, autan su mahaifinmu, yana kwance igiyar roba daga bayan babur. Kwali biyu ne, an lulluɓe su da buhun taki saboda yayyafi. Ya ce babu mai taɓawa sai ya wanke hannu da sabulu, muka yi layi a bakin randa kamar masu shirin cin tuwon biki. Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma ban taɓa ganin kwamfuta ba sai a hoton littafi.

Baffa malamin lissafi ne a wata sakandare a Gwarzo, kullum yakan je ya dawo. Shekarun matsi ne. Albashi yana makara, taki ya gagari manoma, Inna ta rage mai a miya har sai ka karkatar da kwano kafin ka hango shi. Kwamfutar ma tsohuwa ce, a wurin gwanjo ya same ta a Kano, kuma an share duk abin da ke cikinta, ta zo fayau kamar rumbu a tsakiyar marka. Abokansa suka ce ya sayi kwafin manhajar Windows na jabu, irin na bakin titi, kowa ma shi yake sa wa. Baffa ya ƙi. Lokacin ana cikin zafin maganar shari'a, a rediyo da masallaci ba a komai sai batun halal da haram, shi kuma mutum ne da ba ya ɗaukar abu rabi. Yakan ce, "Abin da mai shi bai yafe ba, ko ba a gan ka ba, sata ce." Na asali kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya jira makonni har aka aiko masa ta gidan waya da faifan Linux, madadin Windows, wanda masu shi suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya ba wani.

A ɗakinsa na kusa da zaure ya girke ta, a kan teburin guga, ya ɗinka mata riga da tsohon zanen Inna. Daga nan rayuwar gidanmu ta koma bin wutar lantarki. Ko ana tsakiyar surfe aka ji fanka ta motsa, sai na saki taɓarya, Sadi ya bar awaki da rabin harawa, mu ruga. Inna ta sha biyo ni da muciya. Baffa ya kafa doka: sai ka yi rabin awa kana koyon buga rubutu kafin ka taɓa wasa. Ba a daɗe ba 'yan matan maƙwabta huɗu suka shigo cikinmu bayan an tashi daga Islamiyya. Iyayensu sun yarda ne saboda gidan kakanmu ne, Malam Babba, limamin masallacin unguwa, wanda ba a taɓa jin wani abin ƙi ya fito daga gidansa ba. Cikin su akwai Jummai, ƙawata da muke 'yar carafke tare. Yatsunta sun fi na kowa sauri. Cikin wata biyu ta iya buga shafi guda ba tare da ta kalli maɓallai ba.

Linux ta zo da nata wasannin. Akwai na wani tsuntsu mai baƙin baya da farin ƙirji, yana sulalowa daga kan dutsen ƙanƙara yana tsintar kifi. Wannan bai taɓa ba mu matsala ba, ko sau ɗaya. Amma mu ba shi muke so ba. A ƙasan kwalin mun tsinci wani faifai na asali, na wasan tseren motoci, da hoton jar mota a jikinsa, shi ne ya tafi da hankalinmu. Matsalar ita ce don Windows aka yi shi. Baffa ya yi mana misali da mutum biyu a kasuwar Gwarzo, kowa da yarensa, ciniki ba zai yiwu ba sai an sami tafinta. Ya ce akwai wata manhaja da ke wannan tafintar, sai dai ita ma ba ta gama ƙwarewa ba.

Haka kuwa abin yake. Wata rana wasan ya buɗe babu sauti, mu riƙa yin kukan injin da bakinmu. Wata rana titi ya koma baƙi ƙirin, motoci suna yawo a iska babu tayoyi. In an yi sa'a komai ya daidaita, sai ana cikin gudu hoton ya ƙame, dole a kashe a kunna. Baffa yana da wani littafi mai bangon shuɗi, inda yake kwafo dabaru daga shagon intanet duk sanda ya shiga Kano. Ya gyara sauti, launi ya lalace. Ya gyara launi, maɓallin birki ya daina ji. Bai taɓa ƙosawa ba. Yakan ce mutane ne irinsa suke gina abin a lokacin hutunsu, a yi musu uzuri. Kafin wasan ya tashi sai ya buɗe wani baƙin fili ya buga kalma mai harafi huɗu, Wine, sunan tafintar ke nan. Ni da nake taƙama da Turanci a aji na ce, Baffa, ai wannan giya ke nan. Ya yi dariya ya ce suna ne kawai waɗanda suka ƙirƙira suka laƙaba, babu abin da ya haɗa shi da abin sha. Na gane sarai, har ni ma na yi dariya. Wannan nake so mai karatu ya riƙe: na gane.

Bayan an cire gyaɗa aka shirya gasa tsakanina da Sadi, 'yan matan duk suna zaune a kan tabarma. Sadi ya saba cin kowa, yana yi mana gorin cewa mata ba su iya tuƙi ba. Ran nan na yi gudun da ban taɓa yi ba. Ina kwanar ƙarshe, lokacina ya fi nasa, Jummai ta riƙe gefen hijabina, sai hoton ya tsaya cak. Sadi ya faɗi yana dariya, ya ce ba a ƙirga tseren da bai ƙare ba. Na juya wajen Baffa da hawaye, na ce ya cire wannan abin banzan ya sa Windows kamar kowa. Bai ɗaga murya ba.

"Binta, ba zan sa kayan da ba nawa ba don ki ci tsere. Ki yi haƙuri, gobe mu sake."

A gaban ƙawayena ya faɗa, kuma a kunnena sai ya zama kamar ya kira ni ɓarauniya. Na tashi na fita. Aikina ne kai wa Malam Babba ruwan alwala kafin la'asar. Na same shi a zaure a kan buzu, ya ga idona ya yi ja, ya tambaye ni abin da ya faru. Ban ambaci tsere ba. Na ce masa akwai wani abu a kwamfutar Baffa da ba ya tashi sai an rubuta sunan giya, kuma kullum a gabanmu yake rubutawa. Babu kalmar ƙarya a ciki, amma na san rabin da na ɓoye.

Bayan sallah ya sa aka kira Baffa. Ina maƙale a bayan ƙyaure ina ji. Baffa ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, ya kawo misalin tafinta, ya ce ko a kira wani mai Turanci a tambaye shi. Malam Babba ya saurara har ƙarshe, don ba mutum ne mai katse magana ba. Sannan ya tambaye shi ko da hannunsa yake rubuta sunan, a gaban 'ya'yan mutane. Baffa ya ce e, Baba.

"Na yarda ba ka sha ba, Nasiru. Amma amanar yaran nan ni aka ba. Abin da sai an kira wannan suna yake tashi, ka nema masa wani gida."

Baffa ya ce to. Da na fito a lokacin na ce fushi ne ya sa ni, wataƙila da an sassauta, don kakanmu yana jin maganata. Na tsaya ina kallon ƙafata.

Kafin mako ya zagayo maganar ta bi gidaje, kuma ta canza kama a hanya. A wajen wani suna na ji wata mata tana cewa an kama ɗan liman da giya a cikin inji. A irin wannan lokaci, da ake jin labarin fasa kwalabe a rediyo, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga malamin makaranta. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Jummai ba ta sake taɓa kwamfuta ba, yau tana garin Kara tana sana'ar ƙuli-ƙuli, kuma duk sanda muka haɗu sai ta tambaye ni ko har yanzu haruffan suna inda suke a kan maɓallai. Baffa ya mayar da kwamfutar cikin kwalayenta ya kai Gwarzo. Da farko a ɗakin wani abokinsa ya ajiye ta, daga baya shi ma ya kama haya a can, ya ce zirga-zirgar babur tana cin mai. Ya koma zuwa gida ranar Juma'a kawai. Yakan gaida Malam Babba cikin ladabi, su yi maganar gona, amma doguwar hirar da suka saba bayan azahar ta ƙare. Ɗakin nasa aka mayar wurin ajiye buhunan dawa. Mu kuma muka koma gaɗa da langa, ko an kawo wuta babu mai motsawa.

Shekara uku bayan haka Malam Babba ya rasu, ban gaya masa gaskiya ba. Baffa kuwa sai da na yi aure na haifi ɗana na fari na iya buɗe baki, ranar da ya zo barka. Ya kalli jaririn, sannan ya ce tun a ranar ya sani, don ni kaɗai na taɓa yi masa maganar ma'anar kalmar. Ya ce ya yafe tuntuni, yarinta ce. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, mahaifinsa ya tafi yana ganin ya yi sakaci da 'ya'yan mutane.

Yanzu ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma Linux ce a kwamfutata. 'Ya'yana suna buɗe wasannin da suka ninka wancan girma da kyau, mafi yawansu da taɓawa ɗaya, ba su san akwai wani tafinta a tsakani ba, balle su ga sunansa. In wani ya ƙi tashi sai su ɗaga kafaɗa su buɗe wani. Baffa ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, ya fi son rediyo. Masu gina waɗannan abubuwa sun yi ta gyara kurakuransu shekara da shekaru har suka daidaita. Nawa kuskuren na minti biyu ne, kuma wanda ya kamata na gyara shi a gabansa bai jira ni ba.