Anti Sakinatu, Har Yanzu Ban Yarda Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina cikin jirgin ƙasa na LRT zan tafi jami'a, mijinki Dakta Ubale ya kira ni ya ce Allah Ya yi wa Dakta Sakinatu Datti rasuwa a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan gajeriyar jinya. Har na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Anti, duk 'yar Arewa da ta zo digiri na uku garin nan ta san falonki na unguwar Setapak. Mun taso ba a musu da babba. In farfesa ya kushe aikin ɗayarmu, ko ta sunkuyar da kai ta ce to, ko zuciya ta ɗebe ta ta hau cacar baki. Ke kika zaunar da mu kika ce kalmar argue a jami'a kawo hujja take nufi, quarrel ce rigimar ɗaga murya, disagree kuwa saɓanin ra'ayi ne wanda babu raini a cikinsa. Kuma ba ki tsaya a baki ba. Duk Asabar kya sa a hawo da gurasar roti canai daga mamak, shagon abincin nan na ƙasan beninku, ki ɗora tabarau, ki rikiɗe ki koma mai jarrabawa marar tausayi, ki yi kaca-kaca da aikin wadda ke kan kujerar tsakiyar falo. Wadda ta ce "haka ne, Anti" sai ta sake daga farko.

Ni na fara zama a kujerar nan, tun ɗanki Rayyan yana goye, kuma na sha kuka a kanta. Da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, ke kika riƙa kawo mini tuwo da miyar kukar da kike ta tattali tun daga Kano. Na ɗauka ni ce taki.

Sai ga Fatiha daga Katsina bara, yarinya mai sanyin murya wadda ko gaisuwa sai an kasa kunne. Tun daga nan kujerar ta zama tata. Kishi nake ji, Anti, kuma bai sake ni ba. Jiya a zaman makoki mata suna ta rungumar ta suna cewa "'yar Anti, sai haƙuri," ni kuwa ina kicin ina zuba shayi.

Asabar ɗin ƙarshe na riga ta zama, na ƙi tashi. Na ce, "Anti, ban yarda ba. Ita viva ɗinta na kare digiri sai baɗi, nawa Disamba, kuma an ce external ɗina, mai jarrabawar da zai zo daga waje, ba ya wasa."

Kika cire tabarau kina dariya. "Kin ji ki? Hujja biyu, ba kuka, ba tsawa. Me ya rage in koya miki? Boleh lah, Ruƙayya, za ki iya. Ba ta kujerar."

Na ba ta, na ɗauki jakata na tafi ina fushi, ina cewa a raina Asabar mai zuwa tawa ce ko ana ha maza ha mata. Ranar Lahadi aka kwantar da ke.

Har yanzu ban yarda ba, Anti. Da sauran abin da ban iya ba, kuma ni kaɗai zan shiga ɗakin nan a Disamba in kare aikin shekaruna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki a wannan ƙasa da ba taki ba, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dakta Ubale da Rayyan da ƙanwarsa Khaulah da dangi na gida Kano. Ke ma Fatiha, Allah Ya ba ki haƙuri. Ke kika samu Asabar ɗin ƙarshe.