Ranar da Huseina Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma kowa zai koma. Ranar Litinin, sha biyu ga watan ƙaramar Salla, shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in da shida bayan hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Huseina 'yar Malam Bature, matar Dabo manomi, a ɗakinta da ke tungarmu ta bakin daji, kusa da Randagi, cikin ƙasar Birnin Gwari. An yi mata sutura kafin la'asar. Ta bar miji da 'ya'ya biyu a gida, Ma'u da Abarshi, da kuma babbansu, Ƙasimu, wanda har yau ba mu san ko cikin rayayyu za mu sa shi ko cikin matattu ba. Ni ne Hassan, abokin tagwaitakarta. Na ɗauki alƙalami ne domin bakina ya kasa faɗin komai ga masu zuwa gaisuwa.

Huseina, tun muna yara ba ki yarda na girme ki ba. Ungozoma ta shaida na riga ki fitowa, ke kuwa kika ce ai aiko ni kika yi in duba miki ko duniyar ta dace a zo. To, ga shi kin riga ni komawa, wannan karon kuma ba ki aike ni in duba miki ba.

Duk wanda bai shiga gidanki da safe ba, bai san ki ba. Danga ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka ina jin komai. Kafin in shafa addu'ar asuba taɓaryarki ta fara, Abarshi na bayanki kansa na rangaji da kowane bugu, har barci ya sake kwashe shi. Sai rigimar wanka. Ma'u ta tsani ruwa, ki bi ta ki kamo a bayan rumbu, tana ihu kamar za a yanka ta, kina cuɗa ta kina ce mata yau dai sai an ga ainihin launin wuyan nan. Sai koko, sai faɗa a kan wanda aka fi cika wa ludayi, sai wani ya zubar da nasa a ƙafar wani. Ban taɓa ganin kin ci abincinki da zafinsa ba. Abin da yara suka jagwalgwala suka bari shi ne rabonki, kina ci a tsaye, hannu ɗaya na share majinar wani. In na yi miki tsiya, sai ki ce malamai dai ba su san komai ba sai zama a buzu.

Kin binne biyu tsakanin Ma'u da autanki, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Abarshi, ko mutuwa za ta ji kunya ta ƙyale shi. A shekarar da kike goyon Ma'u ne matar Bappa makiyayi ta rasu a ruga, ta bar jaririya. Babu wanda ya roƙe ki. Kika tafi da kanki kika ɗauko ta, kika haɗa su a nono, ɗaya dama ɗaya hagu, har kika rame idanunki suka faɗa. Bappa ya kawo miki karsana, kika ce ya mayar, ke ba nono kike sayarwa ba, wannan sana'ar matansu ce. Har yau in ya tuna sai ya yi dariya, sannan ya rufe fuska da rawani.

Amma akwai ɗa guda da ba ki taɓa wasa da shi a gaban mutane ba. Ƙasimu ɗan fari ne, kuma kin riƙe kunyar ɗan fari yadda uwarmu ta riƙe ta, har kin fi ta. Ba ki kiran sunansa, ba ki kallonsa ido da ido, in aka yabe shi a gabanki sai ki tashi ki shiga ɗaki. Da kakanninsa na raye da su za su riƙe shi, to babu ko ɗaya, sai ya girma a tsakar gidanki kamar baƙon da aka san ba zai tafi ba. In kina son ya yi wani abu sai ki ce wa Ma'u, "Gaya wa wancan ya kore awakin nan." Mata suka riƙa yaba miki, suna kafa wa 'ya'yansu misali da ke.

Ni kuwa da nake leƙe ta kan danga na san abin da ba su sani ba. Na san ƙanzon tuwo, wanda yara ke kokawa a kansa, kullum mafi kyawunsa na ƙarƙashin faifai a bakin rumbu, inda shi kaɗai ke dubawa. Na san lokacin da ƙyanda ta kama shi, ke kika riƙa yi masa wankan magani, fuskarki a juye gefe, hawaye na ɗiga cikin kaskon. Kuma na san yadda kike kiransa. In ya daɗe a wajen kiwo ko wajen tarkon tsuntsu, sai ki kifa ƙwaryar furarki ki ƙwanƙwasa gindinta da ludayi. Wani irin bugu ne, a fara a hankali, a ɗan dakata, a ƙarasa da sauri. Ko yana ina sai ka gan shi ya ɓullo a guje. Babu wanda ya koya muku wannan. Ke ba ki faɗi suna ba, shi kuma ya ji uwarsa ta kira shi.

Kowa ya san irin zaman da muke yi a bakin dajin nan. Da kaka ta wuce, hanyoyi suka bushe, sai mahara masu kamun bayi su fara yawo. Saboda haka kowane gida ya hore wa yaransa abu biyu. In an yi kuwwa, su ruga kurmin bayan rafi su shige cikin duhuwa. Kuma kada su fito don sun ji sunansu kawai, domin maharan kan kama mace su matsa mata ta faɗi sunayen yaran gari, su sa ta kira. Sai in sun tabbata nasu ne ke kira. Ƙasimu yana da shekara kamar takwas, kuma yaro ne mai riƙe magana. Abin da aka gaya masa sau ɗaya ya zauna.

Ranin bara suka zo, da hantsi, maza na daji wajen sassabe. Kina rafi da Abarshi a baya. Ƙasimu ya ja hannun Ma'u suka shige kurmi kamar yadda aka hore su. Maharan suka cinna wa gidaje wuta, suka kwashi wanda suka samu, suka yi yamma. Kika dawo kika tarar da ɗakinki na ci, ba ki ko tsaya a kansa ba. Kika nufi kurmi a guje, babu mayafi, babu ƙwarya, babu ludayi. Hayaƙi da kuka sun dusashe miki murya. Ina daga cikin waɗanda suka iso a lokacin, kuma da kunnena na ji. Kin kira Ma'u. Sannan kika buɗe baki da dukkan ƙarfinki, a gaban maza da mata, kika ce, "Ƙasimu!" Kika sake, kika sake. Duk da halin da muke ciki, sai da na ga wata tsohuwa ta dafe baki.

Ma'u kaɗai ta fito, ƙaya ta yayyage mata ƙafafu. Kika durƙusa kika riƙe kafaɗunta.

"Ina yayanki?"

"Ya gudu can ciki, Inna. Ya riƙe ni, na fizge."

"Bai ji ina kira ba?"

"Ya ji. Ya ce kada in je, ba ke ba ce. Ya ce Inna ba ta faɗin sunana."

Ba ki yi ihu ba. Zama kika yi a ƙasa, Abarshi na tsala kuka a bayanki, ba ki ji shi ba. Can kika tashi kika koma cikin tokar gidanki kina tonawa da hannu. Ƙwaryar na nan a gindin turmi, wuta ta ɗan lashi bakinta. Kika dawo bakin kurmi kina bugawa har rana ta faɗi, amma ya riga ya yi nisa.

Mun nema. Dabo ya shiga dajin har ƙafafunsa suka kumbura. Bappa, wanda ya san kowane burtali da kowace mashaya, ya bar shanunsa ya bi sawu har wani rafi can ciki. Ya dawo ya ce mini a keɓe, sawun yaron ya ƙare a bakin ruwa, kuma a wurin akwai sawun dawaki, akwai na kura, bai san wanne ya riga wanne ba. Ban gaya miki ba, amma kin karanta a fuskata. Tun muna ciki ɗaya ba ni iya ɓoye miki komai.

Daga ranar ba ki sake faɗin sunan ba, ba kuma don kunya ba. Kowace la'asar, in kin sauke tuwo kin zuba wa yara, sai ki ɗauki ƙwarya da ludayi ki tafi bakin kurmi. Kika sake gina gidanki, kika ci gaba da daka da wanka da raba faɗa, ba ki tauye wa yaran nan komai ba, sai dai dariyarki ta tafi. Ma'u ta daina gudun wanka, domin babu mai bin ta. Ƙanzo kuwa kullum yana ƙarƙashin faifai, da safe ki ba kaji. Na yi miki wa'azi, na karanto miki abin da na sani a kan haƙuri da ƙaddara. Kika saurara har na gama, sannan kika ce, "Hassan, na yarda da duk abin da ka faɗa. Amma in ya dawo kusa bai ji bugu ba, zai ɗauka babu kowa."

Damina biyu ta yi miki duka a bakin kurmin nan. A ta bana tari ya kama ki, ya shiga ƙirji, bai fita ba. Azumin nan da rarrafe kike zuwa, Dabo na rirriƙe ki. Da kika ga babu tashi, ba ki yi wasiyya a kan zane ko mundaye ba. Cewa kika yi kada a sa ƙwaryar cikin kayan gado, kada kuma a dama fura a cikinta.

Ba zan yi miki ƙarya ba yanzu da kike gidan gaskiya. Gidanki ya watse yana tsaye. Dabo mutumin kirki ne, amma bai san ko inda ake ajiye kanwa ba. Abarshi ya yayu da ƙarfin tsiya, yana yawo tsakar gida yana ɗaga zanen kowace mace da ta zo gaisuwa, ya duba fuska, ya saki. Matata na ƙoƙari, sai dai tana da nata huɗu. Kaka ta kusa, dawa ta fitar da kai, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan kaka. Ba mu da ganuwa, ba mu da wurin zuwa. Ina kallon yaran tungar nan suna wasan langa, ina tambayar kaina wanne za a nema baɗi.

Jiya da la'asar, ina zaune da masu gaisuwa, sai na ji bugun ƙwarya daga bakin kurmi. Na tashi na je, sai ga Ma'u, ta kifa ƙwaryar a cinya, ta kama ludayin da hannu biyu. Ta dube ni ta ce, "Kawu, haka Inna take yi?" Ba haka kike yi ba. Tana sauri a inda kike dakatawa. Na karɓa don in gyara mata, sai na tarar ni ma da na yi shekaru ina ji ta kan danga, hannuna bai iya ba. Yaron da ya ƙi muryar uwarsa saboda kalma ɗaya ba zai fito wa wannan bugun ba. Kira ɗaya ya yarda da shi a duniya, mun kuwa binne hannun da ya iya shi ranar Litinin. Na mayar mata da ludayin na ce, "Haka ne, ci gaba."

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Huseina. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya mata makwanci. Ka saka mata da nonon da ta ba marainiya da abincin da ta ci a tsaye. Ka sa haƙurinta da rashin haƙurinta duka cikin ma'aunin alheri, domin Kai ne Ka san zuciyar uwa. Ka haɗa ta da biyun da ta binne. In na ukun ma yana can, Ka nuna masa ita ya gane ta.

Ina yi wa Dabo ta'aziyya, da Ma'u, da Abarshi wanda ba zai tuna fuskarta ba, da Bappa da 'yarsa, da dukan mutanen tungarmu. Allah Ya ba mu haƙurin da ba mu da shi.

Saura mutum ɗaya. Zan kwafi wannan takarda in ba fatake masu bin hanyoyin yamma da kudu, ko wani zai karanta ta a wani zango. Ba na sa rai. Amma in akwai yaro a wurin, mai shekara kamar goma, mai tabon ƙyanda a goshi, wanda ke juyawa in ya ji an ƙwanƙwasa ƙwarya, don Allah a yi masa gaisuwar uwarsa, a kuma faɗa masa wannan daga bakin kawunsa. Ƙasimu, ba ka yi laifi ba, abin da aka hore ka ka yi. Amma ranar nan a bakin kurmi, ita ce. Wallahi ita ce ta kira ka.