Igiyar Mijinyawa

Mijinyawa na Beli, Allah ya jiƙansa, tufkar igiya ce sana'arsa, amma in rabo ya rikice, to shi ake kira. Shekarar da fara ta sauka, zamanin Turawa ke nan, sai rigima ta tashi kan wata gonar dawa ta haɗin gwiwar wasu 'yan'uwa. Rekiya, wadda mijinta ya rasu da damina ya bar mata yara, tana da kashi ɗaya cikin uku na dawar saboda aikin mijin, ga kuma ɗaya cikin shida saboda irin da ta bayar. Ƙanin mijin, Ɗayyabu, ya ce a bari sai an kai gida, don ba wanda ya san abin da fara ta rage. Ita ko tsoronta, in dawa ta shiga rumbunsa, shi ke nan.

Mijinyawa ya zo, aka gaisa, ya zaro igiya ya ce, "Ɗayyabu, wannan ita ce dawar, ko dami nawa ta zama." Ya ninka ta shida. "Na mijinta ninki biyu, na iri ninki ɗaya. Nawa ke nan?"

"Uku, Baba."

"To riƙe nan, mu ware."

Aka ware, sai ga hannun Ɗayyabu daidai tsakiyar igiya. Ɗayyabu ya yi yaƙe ya ce, "Au, ashe rabi matar yaya take nema!"

Ran girbi kuwa, dami ɗaya nata, dami ɗaya na su Ɗayyabu, tun a gona. Dawar ba yawa, amma ta riƙe yaranta har saukar damina.