Ranar da Rigar Baba Ta Jiƙe

Shekarun baya, cikin alif ɗari tara da tamanin da wani abu, ina saurayi mai ji da kansa, fitsari ya fara yi wa mahaifina gardama. Manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, tumatir da alkama. Aka sha jiƙe-jiƙe har aka gaji, sannan muka kai shi asibiti Kano. Likita ya ce ciwon daji ne a wata ƙaba da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara. Ya ba shi ƙananan ƙwayoyi, ya ce za su rage sinadarin mazantakar da ciwon ke rayuwa da shi, amma jiki zai canza. Ni na yi tafinta, kuma wannan na ƙarshen ban faɗa wa Baba ba, nauyi nake ji.

Fitsari ya saki, muka yi murna. Bayan 'yan watanni sai ƙirjinsa ya fara tasowa kamar na mace, ga ciwo ko riga ce ta goge shi. Abu kaɗan sai ka ga idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da ke shiga kanal ɗin ban-ruwa daga shi sai gajeren wando ya koma aiki da jamfa mai kauri cikin zafin rana, ya ɗaure ƙirji da tsohon rawani daga ciki.

Wata rana muna loda kwandunan tumatir a mota, sai ruwa ya ɓalle daga kanal ya nufi gonar maƙwabcinmu. Baba bai yi wata-wata ba ya faɗa ya toshe. Da ya fito, rawanin ya zame, rigar ta manne masa a jiki, komai ya bayyana. Wani abokina ya zungure ni ya ce, "Kai, tsohon naka ƙirgen dangi ya fara?"

Na yi dariya. Ba murmushi ba, dariya sosai, don kada a ce abin ya taɓa ni. Baba yana tsaye kusa da mu yana matse bakin riga.

Da yamma na same shi a zaure na ce, "Baba, ka huta da zuwa gona haka nan, ni zan riƙa kula." Har da sassauta murya, wai ni ɗa mai tausayi. Ya dube ni ya ce, "To."

Bayan kamar wata uku, fitsari ya tsaya cak. Muka ɗauke shi yana nishi, aka sa masa roba a asibiti. Muna zaune a barandar asibitin, mahaifiyata ta kwance bakin zaninta ta zuba min ƙwayoyi a hannu, cike da tafi. A ƙarƙashin buzunsa na salla ta same su.

"Na tambaye shi dalili," in ji ta. "Ya ce shi ciwon ba ya jin tsoronsa. Amma ba zai zama abin da ɗansa ke ɓoyewa a gida ba."

Na kasa ɗaga kai.

Da aka sallame shi ya koma shan maganin. Mahaifiyata ta sa tela ya ɗinka masa falmaran mai laushi da yake sawa a ciki. Ni kuma kullum da safe nakan goya shi a keke zuwa gona, in bi ta tsakiyar kasuwa. Ya ƙara shekara shida a duniya.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin neman gafara. Muna cin rogo a gindin mangwaro na ce, "Baba, dariyar nan da na yi ranar loda tumatir, ka yafe min."

Ya ci gaba da ɓare rogonsa. "Wace dariya? Ni ruwa ne ya cika min kunne ranar."

Yanzu na haura shekarun da yake da su a lokacin, ni ma ina da nawa magungunan da nawa abubuwan da ba na son 'ya'yana su gani. Ya ji dariyar, na san ya ji. Ni na tona shi a gaban mutane, shi kuwa ko a gaban kaina bai yarda ya tona ni ba. Allah Ya jiƙan Baba.