Aparan Kawu Illa Mai Jin Shinuwanci

Ku da kuka san Kawu Illa, telan nan na Bobiel, kun san ba ya zuwa suna ko biki sai da aparan hotonsa rataye a wuya, cikin wata ƴar jaka da ya ɗinka mata da ragowar shadda. Wan mahaifiyata ne, kuma ni ce na fi kowa shan faɗansa a kan aparan nan.

Tun satin da ya saye ta, garin danne-danne ya juya harshenta daga Faransanci zuwa rubutun Shinuwa, wato Sinanci. Na ce, "Kawu, kawo in maido maka, minti ɗaya ne."

Ya rungume ta a ƙirji. "Ɗiyata, da can ma ina karanta Faransancin ne? Bar ta da yarenta, mun fahimci juna."

Kuma wallahi sun fahimci juna. Ya haddace hanya kamar mai zuwa gona: uku ƙasa, ɗaya dama, danna tsakiya, fitila ta mutu. Biyu ƙasa, hoton jiya ya fito. In ka yi masa magana yana lissafi, sai ya harare ka ya koma daga farko.

Kwanan wata kuwa bai taɓa gyarawa ba. Kowane hoto, ko na Sallah ko na damina, ɗaya ga Janairu yake ɗauke da shi a gefe. Da na yi ƙorafi ya ce, "Hoto na ɗauka, ba takardar haihuwa ba."

A wani biki a Goudel lissafin ya kuɓuce masa, ya zarce da ɗaya. Hotunan duka suka fito baƙi da fari, shaddar amarya mai ruwan goro ta koma toka. Uwar amarya ta zo har shago tana huci. Kawu bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Hajiya, duba da kyau. Auren da hotonsa ya fito kamar na kakanni, ina zai je?" Ta tafi tana dariya, har ta sa aka ƙara girman ɗaya.

Bayan rasuwarsa, ranar sadakar bakwai, matarsa Inna Mariyama ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Ki nemo min hotonsa ko ɗaya. Jikokinsa za su tambaya." Mutumin da ya ɗauki rabin unguwa, bai taɓa yarda wani ya riƙe aparan ya ɗauke shi ba. Na zazzage albam biyar, babu shi. Na karti dantite, katin shaidarsa, kuwa ya goge, sai inuwa.

Na ɗauko aparan da taka-tsantsan, don na san a cikin rubutun nan akwai layin da in ka danna, komai ya tafi. Na bi a hankali, ina duba alamomi, har na kai hotunan ƙarshe.

Sai ga Kawu. Hanci ya cika gilashi, gira a haɗe, baki a buɗe. Na wuce, ga shi kuma. Sun fi talatin. Ashe a watanninsa na ƙarshe ya kunna jinkirin daƙiƙa goma bai sani ba. Ya danna, shiru, sai ya juyo da ita ya leƙa idonta ya ga abin da ya same ta, ita kuwa ta ɗauke shi.

Inna Mariyama ta yi dariya har ta zauna ƙasa, sannan ta share ido da bakin mayafi. Ta nuna wanda yake harara. "Wannan za a wanke. Haka yake kallona in miya ta yi gishiri."

Na sauke ajiyar zuciya irin wadda ban yi ba tun ranar jana'iza.

Allah Ya jiƙan Kawu Illa, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa. Mu da ya bari, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.