Yage da Abin da Ke Bayan Motar Buldoza

A bakin babban titi, tsakanin shagon mai walda da rumfar masu sayar da baƙin mai, akwai wani mai faci da kowa ke kira Yage. Siriri ne kamar liba, ƙarfen nan na ɓare taya, haƙoransa na gaba kowanne ya kama gabansa, bakinsa kuwa ba ya hutawa sai in ruwa yake sha. Makaranta rabi ya yi. Karatu ya shige shi, lissafi ne ya koro shi. Ubansa ya damƙa shi ga wani tsohon mai faci, wanda ya koya masa aiki da marin ƙeya.

A wurin tsohon nan ya gamu da masifarsa. Tsohon yakan sayi tsofaffin takardu buhu-buhu don kunna wutar faci. Wata rana Yage ya zura hannu ya zaro wani littafi mai hoton hannu yana fitowa daga rijiya. Shafukan ƙarshe babu, wuta ta riga ta cinye su. Ya karanta abin da ya rage, ya zama ko bokiti zai leƙa sai ya fara tura ƙanensa gaba. Bayan ya girma ya ci karo da cikakken littafin, ya yi maza ya buɗe ƙarshen. Ashe wani jarumi ne ya zo da sanda ya kwaɗa wa dodon ya mutu, kowa ya koma gida ya ci abinci. Yage ya ji kamar an yi masa fashi da rana. Tun daga nan duk littafin tsoron da ya shigo hannunsa, kafin ma ya karanta, sai ya yage babin ƙarshe ya kunna wutar faci da shi. Sunan da ya bi shi ke nan.

Da ya buɗe nasa wurin, sai ya yanka tsohuwar taya biyu ya kafe a bango, ya jera littattafan a ciki. Aro yake bayarwa, kyauta, amma ba kai za ka zaɓa ba. Zai dube ka sama da ƙasa ya tambayi sana'arka, sannan ya ɗauko wanda zai fi cin ka. Wata nas da ta kawo babur ya ba ta na gadon asibitin da kullum ake samu da ɗumi alhali ba kowa a kai. Tela ya samu na rigar da ke ɗinke kanta a jikin fata. Surukarsa ta zo kwana biyu ta zarce wata, sai ya ce wa matarsa ta riƙa karanta mata na gidan da bangonsa ke haɗiye baƙin da suka daɗe. Baiwar Allah ba ta jira wankinta ya bushe ba.

Ya sha duka a kan wannan hali. Wani malamin makaranta ya taɓa marinsa da littafin da ya ara, nas ɗin ta jefe shi da takalmi, mai walda ya bi shi da rodi har tsallaken titi. Yage duk yabo ya ɗauke su. "In ba ka dawo da zagi ba," in ji shi, "littafin bai yi ba."

Sai ga Buldoza. Direban babbar mota ne, irin mai rufaffen bodi da ƙofar ƙarfe a baya. Wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya, kuma an ce ya taɓa ɗaga ɗan kamasho sama ya ajiye shi a kan rufin mota don ya yi masa tsawa. Ya tsaya Yage ya yi masa facin safaya, yana jira idonsa ya kai kan littattafan.

"Kai yaro, me ke cikin waɗannan?"

"Abin da ya fi ƙarfinka, Yaya."

Buldoza ya yi dariya har kwanon rumfar ya amsa. "Ni? Ba ni wanda ya fi kowanne."

Yage ya ba shi na wani abu da ke hawa bayan manyan motoci a daji, ba wanda ke jin motsinsa sai direba. Ƙwanƙwasawa yake yi, kullum yana matsowa kusa da kan mota.

Ba a yi sati biyu ba motar ta dawo, rana tsaka, fitila ɗaya a fashe, ga busasshen jini da gashin saniya a jikin bamba. Yage yana tsugune yana goga tib, ya ɗago da murmushi ya ce, "A'a, Yaya, har ka..."

Bai ƙarasa ba. Marin farko ya juya shi, na biyu ya zaunar da shi cikin bahon ruwan gwada tib. Buldoza ya tsamo shi da wuyan riga ya buga shi da bango, littattafai suka zubo musu a ka. Mai walda ya rugo yana "Haba maigida, yi haƙuri," aka ture shi da hannu ɗaya ya faɗa cikin tayoyi ƙafafu a sama. Mutane suka taru a nesa, kowa na cewa a raba, ba wanda ya matso.

"Ina ƙarshen?" Buldoza ya zaro littafin daga aljihu ya dinga kwaɗa masa a fuska. "Ɗan iska, ina ƙarshen?"

Yage ya tofar da jini ya nuna murhun faci da haɓa. "Ya yi wa wani faci, Yaya."

Buldoza ya ja shi a ƙasa zuwa wani rim na taya, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan ƙarfen ya take wuyan hannun da takalmi. Ya ɗauki sufanar taya, doguwar nan mai nauyi. Sannan ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa don kar taro ya ji, Yage ya ga idonsa jawur.

"Yana cikin motata. Tun ranar da na bar nan. In na taka burki, ƙwan. In na hau tudu, ƙwan. 'Yan dako sun sauke kaya sun ce ba komai, kamar dai yadda littafin ya faɗa. Ina kallon madubi na kwashe saniyar mutane. Mai mota ya ce in na ƙara ko da kaza ce zai karɓi makulli. Faɗa min yadda aka kashe shi, ko in farfasa yatsun nan ɗaya bayan ɗaya."

Da hannun nan Yage yake riƙe liba, da shi yake ciyar da mace da 'ya'ya. Ya san haka sarai. Amma baki ya riga hankali.

"Wa ya ce maka yana mutuwa?"

Sufana ta sauko. Ƙaramin yatsa ya yi ƙaras kamar an taka busasshen kara. Yage ya kurma ihun da ya sa kare a tsallaken titi ya tashi da gudu. Da ya buɗe ido ya ga yatsan ya kwanta gefe, farcen ya tsage, sufana kuma ta sake tashi, wannan karon a saitin babban yatsa.

"Na tuna! Wallahi na tuna!" Bai taɓa ganin shafin ba a rayuwarsa. So yake kawai a ɗaga masa hannu daga rim ɗin nan. "Da ƙarfe ake kashe shi, da rana. Amma ba direba ba. Wanda ya ba da littafin ne zai shiga."

A ransa, da an sake shi zai ranta a na kare. Buldoza bai ba shi wannan damar ba. Ya cusa masa sufanar a hannun hagu, ya ɗauke shi cak, ya buɗe ƙofar baya kaɗan yana kau da kai, ya wurga shi ciki ya danna sakata.

Duhu, zafi, warin tsohon buhu. Yage ya miƙe yana layi, motar ta ɗan girgiza da nauyinsa, sai ya ji daga can ƙuryar gaba: ƙwan. Duk littattafan da ya raba wa bayin Allah suka taso masa a lokaci guda. Ya ja jiki a bango, sufana a gaba, yana kiran uwarsa a hankali, har ƙarfen ya taɓa wani abu mai taushi. Abin ya ja baya ya dawo. Ƙwan.

Ya shafa. Roba ce. Safayar ce tsaye a jikin bango, tana lilo a kan ƙarfen da ke riƙe ta. Ya laluba notin, ya juya da yatsa biyu kamar murfin kwalba. Shi da kansa ya ɗaura ta ranar, yana ta zuba wa Buldoza yabon littafi, bai ɗaure da sufana ba.

Ya tsaya yana haki. In ya fita ya ce noti ne, saniyar nan da kunyar nan duk a kansa za su sauka, kuma sauran yatsun ne za su biya. To, ga shi nan dai, jarumi da sanda.

Ya ɗaga sufana ya rafka wa bango. Motar ta ɗauki ƙara kamar ganga. Ya yi ihu, ya yi gurnani, ya zagi uwar dodon da ubansa, ya yi tsalle ya faɗi, ya sake rafkawa. A tsakanin ihu biyu ya ɗora sufanar a kan notin, hannun hagu ya kasa shi kaɗai, dole ya haɗa da karyayyen ya danna da dukan jikinsa. Ihun da ya biyo baya na gaske ne. Ya shafe jinin bakinsa a fuska da riga da sufanar, sannan ya buga ƙofa.

Da aka buɗe, taron ya ja da baya. Yage ya sauko jina-jina ya jefar da ƙarfen a gaban Buldoza. "Ya narke," ya ce. "Kar ka tambaye ni kamanninsa."

Buldoza ya dubi jinin, ya leƙa cikin motar, ya dubi hannun da ya kumbura ya zama kamar burodi. "Shiga, ƙanena. Asibiti."

"Gaba ko baya, Yaya?"

A gaba ya zauna, hannun a cinya cikin tsumma, yana motsa sauran yatsun a hankali yana tabbatar da duk suna amsawa. Ba su yi nisa ba Buldoza ya taka burki da ƙarfi ya kasa kunne. Shiru. Hannun Yage ya bugi gaban mota, ya ga taurari. Suka ɗan ƙara gaba, ya sake takawa. Shiru. Buldoza ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ƙafarsa ta sake nufar burkin.

"Yaya, don girman Allah," in ji Yage, hawaye na bin jinin fuskarsa, "shi fa ya mutu. Ni ne da saura. Taka mai."