Baba Alvise da Dutsen da Ke Gumi

Kullum da safe, kafin ya kunna injin gahawa, Baba Alvise yakan durƙusa a bayan kanta ya ɗora tafin hannu kan wani farin dutse na daɓe. Shekara arba'in da uku ke nan yana haka a gidan gahawar Zanardi, nan unguwarmu a Venis, birnin Italiya da ke kan ruwa. Gidan ya haura shekara ɗari biyu, an canza masu shi sau biyar, madubansa sun dushe, amma dutsen nan yana nan. Idan teku za ta cika ta shigo gari, shi ke fara gumi. Tsohuwar da ta koya wa Alvise aiki ita ta nuna masa, ita ma nuna mata aka yi.

Masu kwale-kwale ba sa barinsa. "Alvise, yau me amaryar taka ta ce?"

"Ta ce ka sa dogon takalmi, sarkin surutu."

Ni ma da dariya nake yi, sai wata Talata a Nuwamban bara. Jiniyar gari mai gargaɗin ambaliya ta nuna ruwan da zai shigo kaɗan ne. Na kai 'yata Nives, mai shekara uku, gidan raino da ke bakin ruwa, na biyo shan gahawa. Ya ƙi zuba min.

"Gemma, koma ki ɗauko yarinyar nan."

"Haba Baba, ba ka ji jiniya ba? Aiki fa zan tafi."

"Jiniya ba ta durƙusawa. Zo ki taɓa."

Na taɓa. Hannuna ya jiƙe sharkaf. Da gudu na koma, ni da mai rainon muka kwaso yara tara zuwa saman benen gidan gahawar. Kafin sha ɗaya, katifun da suke barcin rana a kai suna yawo a kan ruwa. Baba Alvise kuwa yana ta hawa da sauka, ruwa har gwiwa, yana kawo musu madara mai ɗumi.

Baba Alvise, kai ne ka hana ni gahawa ka ba ni 'yata. Ban san da wane baki zan gode maka ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji. Duk mai wani sani irin nasa, don Allah kada ya tafi da shi. Mu kuma kada mu ji kunyar durƙusawa mu koya. Shi dai ya riga ya nuna wa matar da za ta gaje shi, ya kuma nuna wa Nives. Yanzu yarinyar ba ta yarda mu wuce sai ta shiga ta taɓa.

"Mama, a bushe yake. Mu tafi."